Gidan Raino Daban, Ɗakin Ajiye Yara Daban

Duk wadda ta zo neman shawara a kan buɗe gidan raino a cikin gidanta, abin da nake fara tambayarta shi ne: 'yar'uwa, yara nawa za ki ɗauka? Amsarta ce ke nuna min ko ta gane sana'ar ko ba ta gane ba. Mace ɗaya hannu biyu gare ta. Idan jariri yana kuka don yunwa, wani ya ɓata famfas, na uku kuma ya doshi ƙofa da rarrafe, to aiki ya riga ya fi ƙarfin hannun, balle a ce yara goma sha biyar ne zube a tsakar ɗaki. A Ingila, ƙa'idar da aka gindaya wa mai raino a gida ita ce yara 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu 3 ne kawai ƙanana da ba su kai shiga makaranta ba, ɗan ƙasa da shekara guda kuma ɗaya tal, kuma har 'ya'yan cikinta ana lissafawa da su. Kowace ƙasa da dokarta, don haka ki nemi ta inda kike, ki yi rijista, ki karɓi lasisi, ki yi inshora idan ana buƙata. Amma ko doka ta ba ki dama, shawarata kada ki haɗa jarirai fiye da biyu a hannunki ke kaɗai. Dalilin a fili yake: ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, biyu ne iyakar waɗanda za ki iya sunguma ki fita da su a sahu ɗaya.

A nan ne masu kwaikwayon sana'ar suke ɓata mana suna. Su share ɗaki, su shimfiɗa leda, su kunna talabijin, su karya farashi, su tara yaran da ko sunayensu ba su gama riƙewa ba. Sai uwa ta zo wurinmu tana cewa ai can rabin kuɗinmu ake karɓa. Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Kuɗin raino kuɗin ido ne, kuma idon da aka raba wa yara ashirin bai kai na wanda aka raba wa biyar ba.

Kafin yaro na farko ya taka gidan, ki durƙusa ki zagaye ɗakunan da rarrafe. Da gaske nake. Daga ƙasa ne za ki ga abin da yaro ke gani: soket ɗin da ba a rufe ba, wayar caja da ke reto, kwabon da ya gangara ƙarƙashin kujera, kusurwar tebur da ta yi daidai da goshinsa. A toshe kowane soket, a ɗaure kabad da durowa a jikin bango domin yaro mai koyon tsayuwa yana kama su ya miƙe, a sa ƙyaure a bakin matakala da ƙofar kicin, a naɗe igiyar labule can sama. Magunguna da sinadaran wanki su shiga kabad mai makulli. Ajiye su a sama kawai bai isa ba, ɗan shekara biyu ya iya jawo kujera.

Abu biyu ne na fi jin tsoronsu a gidan raino, kuma dukansu ba a jin ƙararsu. Na farko ruwa. Yaro ɗan shekara ɗaya kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba zai iya fitowa ba, kuma ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa ya kashe shi ba tare da kin ji motsi ba. Saboda haka bokiti da baho a zubar da ruwansu a kife su da zarar an gama, banɗaki kuma kullum a rufe. Na biyu shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, wanda ake samu a rimot da agogo da kayan wasa masu waƙa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 zai iya ƙone naman wurin. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba da ƙusa aka ɗaure ba, ba ya shiga gidana. Sauran kayan wasan kuwa akwai gwaji mai sauƙi: duk abin da ya shige cikin kwalin tsakiyar takardar banɗaki, ya yi ƙanƙanta ga ɗan ƙasa da shekara 3. Ki riƙa duba su duk mako, domin idon 'yar tsana da tayar mota su ne suka fi cirewa.

Sai barci, wanda a nan ne ake gane ƙwararriya. Jariri ɗan ƙasa da shekara guda a rigingine ake kwantar da shi, kowane barci, dare ko rana. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, aka biyo da gangamin wayar da kai a 1994, kuma mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci ta ragu ƙwarai bayan haka. Gado nasa shi kaɗai, katifa mai tauri wadda ta cika gadon ba rata a gefe, zanin gado mai kama katifa tamau, shi ke nan. Ba filo, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana. Tazarar sandunan gadon kada ta wuce santimita 6, don kada jiki ya zurara kai ya maƙale. Idan barci ya ɗauke shi a kujerar mota ko a lilo, ki ɗauke shi ki mayar gado ko da zai farka, saboda a zaune kansa na iya rinjayowa gaba ya toshe hanyar numfashi. Wata uwar za ta ce miki ai ya fi jin daɗin barci a kan cikinsa. Ki ba ta haƙuri, ki yi mata bayani, amma kada ki yarda. Haɗarin ya ma fi yawa ga jaririn da ya saba kwanciya a rigingine aka wayi gari aka kifa shi. Kuma barcin yara ba lokacin hutunki ba ne: duk minti 10 zuwa 15 ki je ki tsaya a kansa, ki ga ƙirji na ɗagawa, ki taɓa bayan wuyansa ki ji ko ya yi gumi.

Tsafta kuwa kowa na cewa yana da ita, amma a wurin canza famfas ake ganin gaskiya. Wurin ya zama guda ɗaya, nesa da inda ake haɗa abinci, da shimfiɗa mai gogewa wadda ba ta shan ruwa. Ki tara komai kusa kafin ki ɗauko yaron, domin da zarar ya hau, hannunki ɗaya ba zai bar jikinsa ba. Ki sa safar hannu, ki goge daga gaba zuwa baya, musamman ga 'ya mace, don kada ƙazanta ta shiga mafitsara. Ki jefa mai dattin a kwandon shara mai murfi wanda ake takawa da ƙafa, ki cire safar, ki sa masa sabon famfas, ki wanke hannun yaron, ki sauke shi. Sannan ki wanke shimfiɗar da ruwa da sabulu, ki bi da ruwan bilic, a ƙarshe ki wanke naki hannun da sabulu na daƙiƙa 20. Mutane da yawa suna tsallake sabulun su tafi ga bilic kai tsaye, alhali bilic ba ya aiki sosai a kan datti. Haɗinsa kuma ba da ka ake yi ba: idan mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari ne, mililita 20, wato ƙaramin cokali 4, a cika shi da ruwa ya kai lita ɗaya. A bar shi a jiƙe aƙalla minti ɗaya, a haɗa sabo kowace safiya domin ƙarfinsa yana raguwa idan ya kwana, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, yana fitar da iska mai guba. Abin wasan da ya shiga bakin yaro ki jefa shi a wani kwando na daban, a wanke, a ɗauraye da ruwa mai kyau, ya bushe kafin ya dawo.

Kowace fida da sunan mai ita a jiki. Nonon uwa da aka tatso yana kai awa 4 a ɗaki marar zafi, kwana 4 a firji, kuma a cikin ruwan ɗumi ake ɗumama shi. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki tana barin wani sashe da zafi ya ƙone baki. Madarar gwangwani kuwa garinta ba a tsarkake yake ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa ta da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce ta, abin da ya rage bayan awa 2 kuma a zubar. A riƙe jariri a hannu a ba shi, kada a tokare masa fida da filo a tafi. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara guda zuma. Inibi da duk wani abu mai zagaye a tsaga shi a tsaye gida huɗu, ƙwayar gyaɗa kuma sai bayan shekara 5. Yara su ci a zaune, ke ma kina zaune kina kallonsu, domin yaron da ya shaƙe da gaske ba ya tari, ba ya kuka. Ki je ki yi kwas ɗin taimakon gaggawa na yara, hannunki ya saba da bugu 5 a baya da dannawa 5 a ƙirji ga jariri, kuma ki riƙa sabunta shi. Karantawa a waya ba ta isa ba.

Ƙorafina na kullum da iyaye shi ne yaron da aka ɗura wa maganin zazzaɓi da asuba, aka kawo shi kamar lafiya lau, zuwa hantsi magani ya sake shi jiki ya yi rau. Na san uwa na tsoron rasa aikinta, ina kuma tausaya mata, amma yaro ɗaya mai gudawa ya isa ya kwantar da gidan gaba ɗaya har da mai rainon. Don haka a rubuta tun ranar farko: zafin jiki ya kai digiri 38, a zo a ɗauka, amai ko gudawa, sai an yi awa 48 da tsayawarsu, jariri ɗan ƙasa da wata 3 da ya yi zazzaɓi kuwa asibiti za a nufa nan take. Ba na ba yaro magani sai da izinin iyaye a rubuce, a kwalbarsa ta asali, in rubuta lokaci da adadin da na ba shi. A cikin takardar yarjejeniyar a sa katin rigakafi, abin da jikin yaro ba ya so, lambobin waya biyu ko uku, sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi, ranar biyan kuɗi, da tarar makara. Wanda sunansa ba ya cikin takarda ba ya tafiya da yaro, ko ya ce shi kawunsa ne, sai an kira iyaye an tabbatar. Makara kuwa, idan kika yi kawaici a mako na farko, ta zama al'ada.

Duk wannan tsaro ne, kuma tsaro kaɗai bai zama raino ba. Abin da nake alfahari da shi shi ne yadda yini ke tafiya. Yaro yana samun natsuwa idan ya san abin da ke biye: isowa, wasa, wanke hannu, ci, fita waje, labari, barci. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 a kan cikinsa a yini, idonsa biyu, ana kallonsa. Ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu minti 180 na motsa jiki. Ɗan ƙasa da shekara 2 kuma ba ruwansa da kallon allo. Talabijin tana sa yara shiru, shi ya sa masu tara yara ke sonta, amma magana daga bakin mutum ake koyonta. Ki riƙa yi wa jariri hira kina canza masa kaya, ki faɗi sunan abin da ya nuna, idan ya yi gwaranci ki dakata ki amsa masa kamar kin gane. Kayan wasa masu tsada ba dole ba ne. Kwali babba, kofuna masu shiga cikin juna, littafi mai kauri da cokalin katako sun isa su cika safiya, musamman idan kina ɓoye rabi kina fito da su bayan mako biyu.

Sabon yaro kada a jefo shi yini guda cur. Rana ta farko awa ɗaya tare da uwarsa, ta biyu ta fita na rabin awa, a riƙa ƙarawa har mako ya cika. Kuma ta yi masa sallama ta tafi, kada ta sulale yana wasa, domin yaron da aka yi wa haka washegari ba zai saki zaninta ba. Cizo ma zai faru tsakanin 'yan shekara ɗaya zuwa uku, yawanci saboda haƙori, gajiya, ko rashin kalmar da za su ce a ba ni. Ki fara rarrashin wanda aka ciza, ki wanke wurin, ki gaya wa mai cizon a taƙaice cewa cizo da zafi, sannan ki lura da lokacin da yake yi don ki riga shi. Ba duka, ba tsawa, kuma ko kuka ya kai ki bango kada ki jijjiga jariri, yana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ki kwantar da shi a gadonsa, ki ja da baya ki yi numfashi na 'yan mintuna, sannan ki dawo.

Da yamma kowace uwa tana tafiya da 'yar takarda: abin da ya ci da yawansa, ƙarfe nawa ya kwanta ya tashi, famfas nawa aka canza, da abu ɗaya sabo da ya yi yau. Idan ya faɗi ya ƙuje gwiwa, ki faɗa da bakinki kafin ta gani, ki nuna mata inda kika rubuta lokacin da abin da kika yi masa, ta sa hannu. Kwafi ɗaya nata, ɗaya ya shiga fayil ɗin yaron.