Kwana goma a gonar inabi

Jiya na dawo cikin Jos daga gonar inabin kawuna da ke can hanyar Vom, har yanzu yatsuna ba su daina zugi ba. Da asuba muke fita, sanyi na ratsa ƙashi, mu kama datse rassa da almakashi muna ɗaure sauran a jikin waya. Kawu ya ce, "Ɗana, reshen da ka ji tausayinsa ka bari, shi zai shanye ƙarfin 'ya'yan." Rannan na datse wanda bai kamata ba, raina ya ɓaci har yamma.

Amma daren, wallahi shi ne ya tsaya min a zuciya. Babu wuta, babu ƙarar janareta. Bayan isha'i sai in shimfiɗa tabarma bakin rumfa, in lulluɓa da bargo, shayi a hannu. Kawu ya nuna min kaza da 'ya'yanta, taurarin da rabona da ganinsu tun kakata na da rai. Na yi ta ƙirga su ina tasbihi, hawaye na zubo min, har raɓa ta jiƙa bargon.