Ina Ruwan Lagireto Yake Tafiya?

A nan Gombe, da zarar watan Maris ya kama, zafin rana ya fara kusantar digiri 40, za ka riƙa ganin motoci a gefen titi an ɗaga musu bonet, direbobi na tsaye da jarkar ruwa suna jiran injin ya huce. Da yawa daga cikinsu sun daɗe da sanin cewa ruwan lagiretonsu yana raguwa, amma sun ɗauki ƙara ruwa kowace safiya a matsayin hidimar mota ta yau da kullum. A ganina wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da suka fi halaka injuna a wurinmu, domin hanyar ruwan injin rufaffiya ce. Famfo ne yake tura ruwan ya zagaya cikin injin, ya kwaso zafi, ya dawo lagireto ta tiyon sama, iska da fanka su sanyaya shi. Mota mai lafiya takan yi watanni ba ta nemi ƙari ba, saboda haka duk ruwan da ya ragu akwai ƙofar da ya bi, kuma nemo ƙofar nan shi ne gyara.

Abin da ke sa neman ya yi wuya shi ne ƙaramar yoyo ba ta cika nuna kanta ba idan injin yana da sanyi. Murfin lagireto yana da sifirin da ke riƙe matsi, a yawancin ƙananan motoci tsakanin 0.9 da 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kuma wannan matsin ne yake hana ruwan tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120 kafin ya tafasa. To, tsagar da take a rufe da asuba takan buɗe ne bayan injin ya ɗauki zafi matsi ya taru, ruwan da ya fito kuma ya sauka a kan ƙarfe mai zafi ya zama tururi tun bai kai ƙasa ba. Mai mota ya leƙa ƙarƙashi bai ga komai ba, sai ya ce ai zafin gari ne yake shanye ruwan. Shi ya sa mai nema ya kamata ya nemi sawun ruwan, wato busasshen tabo fari ko kore ko ruwan hoda, ko kuma layin tsatsa da ya gangara a jikin ƙarfe. A nan ne amfanin kulan, wato ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa, yake ƙara fitowa, domin yana da launi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ke tona asirin wurin, alhali ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya barin komai sai tsatsa da dattin da ke toshe lagireto. Amma a kiyaye kulan daga yara da dabbobi, guba ne.

Ni nakan fara da shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da daddare bayan an dawo daga tafiya, da safe in duba inda ɗigo ya faɗa. Idan ruwan garau ne mara launi kuma ya sauko ta wajen kujerar mai zaman banza, mai yiwuwa na na'urar sanyaya mota ne, wannan ba matsala ba ce. Daga nan sai a bi bakin kowane tiyo inda aka ɗaure shi da kilif, a matsa robar da hannu, a ji ko ta yi laushi fiye da kima ko ta bushe ta tsattsage. Lagireton yawancin motocin da muke hawa yanzu, irin su Corolla da Camry da Accord, kansa na roba ne da aka matse a kan alminiyum, kuma a daidai wannan mahaɗar yake yawan yin yoyo. Famfon ruwa yana da ɗan rami a jikinsa wanda ruwa ke tsatsowa ta ciki idan sil ɗinsa, wato abin da ke tare ruwan, ya mutu. Kada a raina murfin, domin robarsa idan ta lalace, ruwa zai riƙa gudu ba tare da wata huda a ko'ina ba. Haka kuma a taɓa kafet ɗin gaba, saboda hitar da ke bayan dashbod, ko da ba ma kunna ta sai lokacin hunturu, a motoci da yawa ruwa yana ratsa ta kullum, idan ta huje kafet ɗin zai jiƙe.

Idan ido ya gaza, akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto injin yana sanyi, a buga matsi daidai adadin da ke rubuce a kan murfin, a jira kamar minti 15. Idan allurar ta sauka, sau da yawa za a ga ɗigon da ido. Ina matuƙar son in ga kowane bakanike ya mallaki wannan abu, domin yana raba gardama, ya hana a sa mutum sayen lagireto alhali kilif ne ya saki.

Idan kuwa allura ta sauka amma waje a bushe yake, to cikin injin ruwan yake shiga, kuma galibi gasket ɗin tof silinda, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shi ne ya ƙone. Alamominsa su ne farin hayaƙi daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, da kumfa da ke ta tasowa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kalar shayi mai madara. Wannan ba motar da za a kama hanyar Bauchi ko Yola da ita ba ce.

Ba na goyon bayan zuba ƙwai ko garin kwaki a lagireto, domin abin da ya toshe huda zai toshe siraran bututun da ruwa ke bi. Cire tamostat ma, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya yi zafi, da wasu gareji suka mayar al'ada, ba ya tsayar da yoyo. Kuma kada a kuskura a buɗe murfi injin yana da zafi, ruwan zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Bayan an yi gyara, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwan, a yi alama a jikin robar ajiyar ruwa injin yana sanyi, sannan a riƙa dubawa kowace safiya har mako guda kafin a yi doguwar tafiya.