Na je Tamale koyon kiɗan lunga

Mako biyu ke nan da dawowata daga Gana, amma har yau hammatata ta hagu ba ta daina tsami ba. Mu biyar ne a unguwarmu a Kano muka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar kiɗan gargajiya, kuma duk cikinmu babu wanda ya gaji kiɗa. Makaɗan Dagomba, wata ƙabila a arewacin Gana, muka gani a waya suka tafi da hankalinmu, sai aka yi karo-karo aka ce ni in je Tamale, babban birnin yankinsu, tunda ni kaɗai ke da fasfo.

Daga Legas zuwa Akra iyaka uku ce, ta Kwatano da Lome. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya juya katin rigakafina gaba da baya, ya ce hatimin ya koɗe, ya wurgo mini fasfo a ƙasa, ya bar ni cikin rana. Wata Hajiya mai fataucin atamfa da muke mota ɗaya ta matso ta ce, "Ɗana, ba hatimi yake nema ba." Na gane karatun, na yi abin da ake yi, raina a ɓace. Daga Akra kuma kwana muka yi muna tafiya, ta Kumasi da Kintampo, muka haye kogin Volta sau biyu kafin gari ya bayyana.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Tamale mata ne a kan babur. Uwa da goyo, da kwandon cefane a gaba, tana tuƙi ba wanda ya ko waiga. A Kano da an taru kallo.

A Zangon Hausawa na sauka, gidan wani dattijo mai sayar da goro wanda kakansa ya biyo fataken Gwanja zuwa Salaga bai koma ba. Hausarsu ba ruwanta da mace da namiji. Da ya ce mini "matata ya tafi kasuwa" sai da na danne dariya. Kwana goma sha biyu ina cin tuwon zafi da koko da ƙosai a gidansa, da na ciro kuɗi ya ce in na sake yi to in nemi wani masauki.

Shi ya kai ni wurin malamina, wani tsohon makaɗi, muka riƙa goro. Gaisuwar can a durƙushe ake yin ta, ana tambayarka kana amsawa da "Naa, naa" har sai gwiwa ta gaji. Tsohon yana jin Hausa. Ya dube ni ya ce, "Kai Bahaushe ne, ka baro kalangu a gida ka zo neman lunga?" Na rasa ta cewa, domin lunga dai ɗan'uwan kalangu ne: siririn ƙugu, fata baki biyu, tsarkiya kewaye, a rataya a kafaɗa a matse a hammata, a buga da lanƙwasasshen makaɗi. In ka matsa murya ta hau, in ka saki ta sauka.

Kwana uku bai bar ni na buga komai ba. Sai dai ya faɗi karin magana da Dagbani, harshen Dagomba, in maimaita, ya gyara mini hawa da saukar murya, in sake. Da na gaji na ce, "Baba, yaushe zan fara kiɗan?" Ya ce, "Yaro, abin da bakinka bai iya ba hannunka ba zai faɗa ba." Ashe kowane sarki da kowane gida suna da takensu, kuma lunsi, wato makaɗan, su ne ma'ajiyar tarihin Dagbon, masarautar Dagomba. Suna danganta asalinsu da Bizung, ɗan Naa Nyagsi, wani sarkinsu na da. Lokacin Sallah akan zauna ƙofar fada da dare, makaɗi guda ya yi ta jero sarakuna da yaƙe-yaƙensu har asuba. A Yendi, inda Yaa Naa, babban sarkin Dagbon, yake zaune bisa fata, shugabansu shi ne Namo-Naa, kamar dai Sarkin Makaɗa a fadojinmu. Mu kuwa da makaɗi ya ɗaga murya sai mu ce maroƙi, mu miƙa masa canji mu wuce.

Rana ta huɗu tsohon ya rataya mini lunga. Na matse da ƙarfi kamar mai kokawa, sautin ya fito kamar kukan akuya, jikokinsa suka fashe da dariya. Da daddare na ga yadda ake yi a wani biki: lunga bakwai ko takwas na magana, gungon biyu na amsawa daga baya. Ita gungon ganga ce babba mai igiyar fata gicciye a fuska, mai sa sautin ya yi zirr a ƙirjin mutum. Maza cikin manyan rigunan saƙi suna juyi rigar na buɗewa kamar lema, 'yan'uwa na manna musu tsabar kuɗi a goshi. Liƙi dai ko'ina liƙi ne.

Wajen sayen kaya na sha wuya. Mai sassaƙar da ya ji ɗan Najeriya ne sai ya yanka kuɗi kamar zai sayar da saniya, ga naira in ka canza ta zuwa sidi sai ka ji kamar an yanke maka aljihu. Mai masaukina ya ce in yi shiru, ya fasa goro, suka yi ta hira kan damina, aka tashi a wajen rabi. Lunga biyu da gungon ɗaya na ɗauro.

Dawowa babu labari, sai kuɗin kaya da kowane kwandasta ya ƙara mini.

Yanzu muna haɗuwa Alhamis da Lahadi a soron gidan su ɗaya daga cikinmu. Ran nan wani tsoho mai yi wa mahauta kalangu, wanda shekara da shekaru muke wuce shi a bakin kasuwa, ya jiyo mu ya leƙo. Ya karɓi lungar, ya ɗan ja tsarkiyar, ya buga taken mahauta tsaf, ya ce hannunmu duka a sandare yake. Shi ke koya mana yanzu, muna haɗa masa kuɗin mota. Maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa sau ɗaya, don haka kafin kiran magariba muke tashi.