Teburin da Tezuka ya bari

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma hidima?

Ranar Asabar na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Minami-Nagasaki da ke yankin Toshima a nan Tokyo, na je ganin wani gida da ake kira Tokiwa-so. Tun da na dawo abin yake cikin raina, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Gidan haya ne na katako, sama da ƙasa. An gina shi a 1952, aka rushe shi a 1982. Wanda na shiga irinsa ne sak da aka sake ginawa, aka buɗe shi a 2020 a matsayin gidan tarihi. A ƙofa ake cire takalmi. Matakalar har ƙara take yi idan ka taka, kuma da gangan aka yi ta haka, don ta asalin ma haka take. A saman benen nan manyan masu zanen manga, wato labaran zane na Japan, suka yi ƙuruciyarsu.

Ɗakunan ne suka tsaya mini. Kowanne faɗin tabarmar tatami huɗu da rabi ne, kusan murabba'in mita 7. Madafa ɗaya ce ta kowa da kowa, wurin wanka kuwa babu. Teburin gajere ne, a ƙasa ake zama a gabansa a kan matashi, yawanci jikin taga don a samu haske. A kansa ga kwalbar tawada, ga farin fenti na gyaran kuskure, ga fuka-fukin tsuntsu da ake share ɓurɓushin magogi da shi don kada hannu ya ɓata takarda. Alƙalamin na ƙarfe ne, tsoma shi ake yi a tawada. Ka danna, layi ya yi kauri. Ka sassauta, ya fito siriri kamar gashi. Nan take na tuna malamanmu masu rubutun hannu da alƙalamin kara.

Osamu Tezuka, fitaccen mai zanen manga, ya zauna a ɗaki mai lamba 14 daga 1953. Da zai tashi a 1954, sai ya bar wa wasu samari biyu daga lardin Toyama ɗakin, Hiroshi Fujimoto da Motoo Abiko, waɗanda ke zane da suna ɗaya, Fujiko Fujio. Bai karɓi kuɗin ajiyar da ya bai wa mai gida ba, ya kuma bar musu teburinsa. A ganina wannan ya fi kowace kyautar girmamawa. Babba ya ga yara masu hannu amma ba su da ko sisi, ya ba su wurin zama da wurin ɗora takarda.

Sai dai teburin nan yana cin jiki. Mujalla ba ta jira, a gabansa ake kwana har a cika shafuka. Tezuka ya rasu a 1989 yana da shekara 60. Fujimoto, mai Doraemon da yaranmu ke kallo, a teburin aikinsa ya faɗi a 1996, bayan 'yan kwanaki ya cika. Raina ya sosu da na tsaya a ƙofar ɗakin da suka zauna.

Teburin Tezuka na asali yana Himi, garin haihuwar Abiko. In Allah ya yarda zan je in gan shi kafin sanyi ya shigo.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Tokyo