Alfa Sentauri, Maƙwabcinmu na Kudu

A duk taurarin da ido ke gani da dare, biyu ne kacal suka fi Alfa Sentauri haske, kuma babu ko ɗaya da ya kai shi kusa da mu. Haskensa na yin shekara huɗu da wata huɗu da 'yan kai kafin ya iso nan. Abin da ke faranta min rai shi ne muna ganinsa daga ƙasar Hausa, alhali mutumin Landan ko Faris sai dai ya ji labari, don ba ya ɓullo musu sam.

Ni a Zariya nake, kuma daga Mayu zuwa farkon Yuli na fi samunsa. Nakan jira daren da aka sha ruwa, sama ta wanke, in hau soro in fuskanci kudu sosai. Ba ya tashi sama can. Ƙasa-ƙasa yake, kaɗan ya ɗara kan itatuwa, shi ya sa ƙura ko hasken fitilun gari ke saurin cinye shi. Za ka ga taurari biyu masu haske a jere, a damansu kuma wasu huɗu sun yi siffar gicciye. Na hagun nan, mai ɗan ruwan ɗorawa, shi ne. A farkon Yuni wajen ƙarfe goma ya fi fitowa.

Tauraro ɗaya ido yake gani, amma biyu ne. Ranar da na fara saita ƙaramar na'urar hangen nesa a kansa, ɗigon ya tsage gida biyu kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ya fi ɗaya girma, suna rawa saboda zafin iskar da ke tasowa daga rufin kwano. Ƙanena da ke gefe sai cewa ya yi, "Yaya, ko dai gilashin ne ya karkace?" Sai da ya leƙa ya sake leƙawa ya yarda.

Babban, wanda ake kira A, kusan irin ranarmu ne sak: launi ɗaya, zafi kusan ɗaya, sai dai ya fi ta nauyi da kamar kashi goma cikin ɗari, haskensa kuma ya kai nata ɗaya da rabi. Ƙaramin, wato B, ya fi ja, haskensa rabin na rana. Suna kewaya juna sau ɗaya a kusan shekara 80. Idan sun matso, tazararsu kamar daga rana zuwa duniyar Zuhal ce; idan sun ja baya, ta kai kusan nisan rana da Fuluto. Matsowarsu ta baya a 1955 ce, mai zuwa kuma 2035. Wanda aka yi wa suna a 1955, in Allah Ya ja kwana, da furfura zai ga zagayen ya cika.

Wani fada ɗan Faransa, Jean Richaud, shi ya fara gano biyu ne, a 1689, yana Indiya yana bin wani tauraro mai wutsiya. Thomas Henderson kuma ya auna nisansa daga Afirka ta Kudu a 1832 da 1833, amma ya riƙe sakamakon yana kokwanto har 1839, Bessel na Jamus ya riga shi sanar da nisan wani tauraron a 1838. Ni dai ban ga laifinsa ba. Kayan awonsa ba su da inganci sosai, kuma ya ƙi faɗin abin da bai tabbatar ba.

Akwai na uku, Proxima, ɗan ƙarami ja wanda ido ba ya gani. Robert Innes ya gano shi a Johannesburg a 1915, kuma a 2016 aka tabbatar yana da duniyar da ke kewaya shi. Amma hankalina na kan A. A 2012 an ce an ga duniya a gefen B, bayan shekara uku aka gane kuskure ne. A 2025 masu aiki da na'urar hangen nesa ta James Webb suka ce sun hango alamar wata babbar duniyar iska kusa da A, sai dai da suka sake dubawa ba su gan ta ba, ana nan ana bincike. Wannan labarin nake bi a hankali, domin in ta tabbata, to tauraro mafi kama da ranarmu a duk unguwar nan shi ma yana da nasa iyali.