Ruwan da Ya Ɓace a Cikin Zanen Alli

Lokacin da na fara koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, na ɗauka cewa aikina shi ne in miƙa musu amsa da zarar sun yi tambaya. Na daɗe a kan wannan fahimta kafin wata yarinya 'yar shekara 4 ta sa na sake tunani.

Wata rana da safe muka zuba ruwa a kan siminti a filin makaranta, muka zagaye gefensa da alli. Da rana ta take muka koma, sai muka tarar babu ko ɗigo, zanen allin kawai ya rage. Yarinyar ta tsuguna, ta shafa wurin da tafin hannunta, ta ɗago kai ta ce, "Malama, ƙasa ce ta shanye, ƙishirwa take ji." Har na buɗe baki zan ce mata zafin rana ne ya mayar da ruwan tururi, sai na haɗiye maganar, domin na lura cewa ta dubi abu, ta nemo masa dalili, kuma wannan shi ne ainihin abin da nake so ta iya. Na tambaye ta ko farantin roba ma yana jin ƙishirwa, ta girgiza kai. Muka zuba ruwa kaɗan a faranti biyu, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, su kuma yaran suka riƙa leƙawa. Da na rana ya riga bushewa, ita da kanta ta ce to lallai da hannun rana a ciki.

Daga baya na ƙara fahimtar aikin Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya nuna cewa yaro ɗan ƙasa da shekara 7 yakan ce ruwa ya ƙaru idan aka juye shi daga gajeren kofi zuwa dogo siriri, ko da a gabansa aka juye. Irin wannan amsa hanya ce da malami zai bi ya gane yadda yaro yake auna duniya. Lev Vygotsky na Rasha kuwa ya jaddada cewa akwai abin da yaro ba zai iya shi kaɗai ba, amma zai iya idan babba ya ɗan kama masa, kuma tambayar farantin nan ita ce kamawar da ta dace da yarinyar a ranar.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yin shiru, musamman idan lokaci ya ƙure ga kuma yara da yawa suna jira. Yanzu nakan ƙirga zuwa biyar a zuciyata kafin in amsa, kuma sau da yawa kafin in gama wani yaron ya kawo nasa ra'ayin.

Bayan mako guda yarinyar ta ja ni zuwa inda muka shanya tsumman goge allo, ta ce mu mayar da shi rana domin ya fi saurin bushewa.