Shinkafar da Ta Kwana Cikin Ruwa

A shekarar 2019, lokacin ina karatu a Bangladesh, wani abokina ya gayyace ni gidansu a birnin Dhaka domin bikin Pohela Boishakh, wato ranar farko ta shekarar Bangali, wadda a ƙasar take faɗowa ranar 14 ga Afrilu. A ƙidayarsu, shekara ta 1426 ce za ta kama. Da daren jajibere na roƙi mahaifiyarsa, wadda nake kira Khala kamar yadda suke kiran inna, ta bar ni in haɗa abincin safen da hannuna. Ita kuwa "Baba" take ce mini, domin a wajensu haka ake kiran ɗa idan ana tarairayarsa, abin da ya daɗe yana ba ni dariya.

Abincin shi ne panta bhat, kuma a baki ba shi da wuya: a bar dafaffiyar shinkafa ta huce, a zuba mata ruwa har ya sha kanta, a rufe ta kwana. Ni kuwa da na ji irin zafin watan Afrilu, sai tsoro ya kama ni kada ta lalace, na lallaɓa na cusa kwanon cikin firiji. Da asuba Khala ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta girgiza kai ta ce wannan jiƙaƙƙiyar shinkafa ce kawai. Ashe zafin da na guje wa shi ne mai aikin, domin shi ke sa ta yi ɗan tsami da laushi. Allah ya taimake ni ta ajiye tata a tukunyar ƙasa.

Wajen bhorta, wato murjajjen kayan lambu da ake ci da shinkafar, na ɗan wanke kaina. An dafa dankalin turawa, an gasa yalo a kan wuta har bawonsa ya ƙone, na murje kowanne da hannu tare da gishiri, ɗanyar albasa, soyayyen busasshen barkono da ɗanyen man mastad, wanda ƙamshinsa ke hawa hanci har ido ya kawo ruwa. Na so in soya man tukuna, Khala ta hana ni.

Sai kifin ilish, da aka shafe da kurkum da gishiri aka soya. Daɗinsa ba a magana, amma ƙayoyinsa sirara ne birjik, kuma da yatsu ake tsince su a tsanake. Ni da na yi gaggawa, ɗaya ta maƙale mini a maƙogwaro, sai da na haɗiye dunƙulen shinkafa. Khala ba ta cika ganin girman wannan kifin a ranar ba. A cewarta, panta abincin manomi ne mai sammakon gona, kamar ɗumamenmu, haɗa shi da ilish kuwa yayin mutanen birni ne, kuma a lokacin da tsadarsa ke kai ƙarshe, gwamnati ma ta hana kama ƙananansa. A ganina tana da gaskiya, don bhorta ce ta fara ƙarewa a faranti.

Da hantsi muka bi ta Jami'ar Dhaka muka kalli jerin gwanon Mangal Shobhajatra, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado a 2016, mata sanye da fararen sari masu jan baki. Daga nan mahaifin abokina ya ja mu shagon da yake cin bashi, inda ake haal khata: ya biya tsohon bashinsa, mai shago ya buɗe sabon littafi mai jan bango ya rubuta sunansa, sannan ya miƙo mana kwalin kayan zaƙi.